Tarihin Ƙananan Jiragen Ruwa a Tekunan Ƙanƙara

Tun kafin Turawa su leƙa ƙuryar arewacin duniya, mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada suna ƙera ƙaramin jirgi mai suna kayak. Fatar dabbar teku suke ɗinkawa a kan ƙashi ko itace. Bai kai faɗin kwale-kwalen masunta na kogin Kaduna ba, amma da shi suke farauta a tsakanin tsaunukan ƙanƙara masu yawo a ruwa.

A kudu kuwa, wato yankin Antatika, labarin da ya fi shahara shi ne na Ernest Shackleton. Ƙanƙara ta murƙushe jirginsa Endurance a 1915, mutanensa suka maƙale a tsibirin Elephant. Ranar 24 ga Afrilu, 1916 ya shiga James Caird, jirgin ceto da tsawonsa bai kai mita 7 ba, shi da mutum biyar. Sun yi tafiyar kusan kilomita 1,300 cikin guguwa, Frank Worsley, ɗaya daga cikinsu, yana lissafin hanya duk lokacin da rana ta ɗan leƙo, har suka sauka a tsibirin South Georgia ranar 10 ga Mayu. A ƙarshen Agusta aka kwaso sauran da suka rage a tsibirin Elephant, babu wanda ya rasu a cikinsu. Da wuya a sami tuƙi a tarihi da ya kai wannan.

Yawon buɗe ido ya zo daga baya. Lars-Eric Lindblad ya kai matafiya Antatika a 1966, sannan ya sa aka ƙera masa jirgin Lindblad Explorer a 1969. Jirgin roba mai iska, ƙirar Zodiac ta Faransa, shi ya sauƙaƙa lamarin, domin yana shiga inda babban jirgi ba ya kusanta, har bakin duwatsun da tsuntsayen fengwin ke yin sheƙa.

Sauƙin nan ya jawo cunkoso. Ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido a Antatika, IAATO, da aka kafa a 1991, ta ƙayyade mutum 100 a tudu lokaci guda, da tazarar mita 5 daga tsuntsu. Duk da haka baƙi sun haura 100,000 a kakar 2023 zuwa 2024, lokacin da murar tsuntsaye ta isa South Georgia. Dokar ta yi wa wannan taro kaɗan, ya kamata a ƙayyade yawan jiragen da kansu.