Baitulmali, Haraji da Bashi: Tarihin Dukiyar Hukuma Daga Kurmi Zuwa Dawanau

Gabatarwa

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Dawanau gari ne a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, cikin yankin nan mai cunkoson gidaje da gonaki da ya kewaye birnin Kano, inda ƙasa ta yi ƙaranci har manomi ba ya iya barin gonarsa ta huta, sai dai ya ciyar da ita da taki kowace shekara. A nan ne kasuwar hatsi da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma take, inda gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo suke taruwa kafin su bazu zuwa kudancin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Wannan maƙala ta bi tarihin dukiyar hukuma a ƙasar Kano domin nuna abu guda: duk abin da mai mulki ya kashe fiye da samunsa, manomi da mai awo ne suke biya a ƙarshe. Abin da ya sauya a tsawon ƙarnoni shi ne hanyar karɓa. A da haraji ne da ake gani ana ƙirgawa, yau bashi ne da yake isowa cikin farashin kwano.

Sharaɗin da fuƙaha'u suka gindaya

Malaman Musulunci ba su haramta wa shugaba cin bashi kai tsaye ba, amma sun ɗaure shi da sharuɗɗa. Al-Mawardi, a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya halatta wa shugaba ya ranto da sunan baitulmali domin biyan haƙƙoƙin da suka zama dole, kamar albashin mayaƙa, idan ana tsoron ɓarna, kuma ya bayyana cewa wanda ya gaje shi ne zai biya. Ya kuma kawo saɓani game da rarar dukiya: mazhabar Abu Hanifa tana ganin a ajiye domin ranar musiba, ta Shafi'i tana ganin a kashe wa maslahar jama'a. Al-Gazali, sannan Ash-Shaɗibi a cikin Al-I'itisam, sun ƙara sharaɗin da ya fi kowanne nauyi, wato ba a rance sai idan akwai wata dukiya sananniya da ake jiran shigowarta baitulmali wadda za ta biya. Idan babu ita, rancen ya zama ɗora wa na baya nauyin da ba su san asalinsa ba.

Asalin wannan fahimta yana cikin Alƙur'ani. Aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da ajalinsa da shaidunsa. Ƙissar Annabi Yusuf, tsira ya tabbata a gare shi, ta koyar da tanadin shekarun yalwa domin shekarun fari. Daga nan ma'auni huɗu suka fito: buƙata ta gaskiya, sananniyar hanyar biya, rubutu da shaida, da nisantar riba. Da su za a auna tarihin da ke tafe.

Kano kafin zuwan Turawa

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), Shaihu Al-Magili ya rubuta littafin nasiha ga sarakuna wanda ya keɓe babi a kan tara dukiya ta hanyar halal, da wani a kan inda ya kamata a kashe ta. Sai dai tarihi ya nuna yadda buƙatar yaƙi take rinjayar nasiha. Littafin tarihin sarakunan Kano ya jingina fara karɓar jangali ga Sarki Kutumbi (1623–1648). Ya kuma ruwaito cewa Sarki Kumbari (1731–1743) ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, ya sa wa malamai ma haraji, Larabawa suka koma Katsina, talakawa da yawa suka bar birni suka shiga ƙauye. Baitulmalin da ya nemi cika kansa da ƙarfi sai ya kore hannun da ke cika shi.

Wannan na cikin abubuwan da jagororin jihadi suka yi wa sarakunan Hausa inkari a kai. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwa da karɓe-karɓen kasuwa cikin alamomin mulkin zalunci, sannan ya lissafa hanyoyi bakwai da shari'a ta yarda baitulmali ya samu dukiya ta cikinsu. A birnin Kano ne Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkami bisa roƙon mutanen garin, 'yan shekaru bayan fara jihadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba raya sana'o'i da kasuwanni da hanyoyi.

Duk da haka haraji bai gushe ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan wuri 2,500 na kuɗin ƙasa, ban da na karofi. Abin lura shi ne, sarautar wancan zamani ba ta da wata kasuwar lamuni a ƙetare. Abin da aka karɓa shi ake kashewa, kuma talaka ya san wanda ya karɓa da yawan abin da aka karɓa.

A cikin ƙarnin nan kuwa wasu daulolin Musulmi suka gwada ɗaya hanyar. Tunisiya ta ci bashin Turai har aka kafa mata hukumar ƙasashen waje mai kula da kuɗinta a 1869, Faransa ta mamaye ta a 1881. Masar ta Kidiwi Isma'ila ta faɗa hannun masu binta bashi a 1876, sojan Ingila ya shiga a 1882. Daular Usmaniyya ta gaza biya a 1875, a 1881 ta miƙa harajin gishiri da taba da wasunsu ga hukumar masu bin bashi. Takardar lamuni ce ta riga bindiga shiga waɗannan ƙasashe.

Baitulmalin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A zamanin Sarki Abbas, a 1909, aka kafa Baitulmalin En'e, bayan an gwada tsarin a Katsina. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi, aka raba haraji tsakanin gwamnatin mulkin mallaka da En'e, aka fara rubuta kasafin shekara ƙarƙashin kulawar Ma'aji. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta zama abin da manoman kewayen birni suke sayarwa su biya haraji da kuɗin Bature.

Wannan baitulmali ya yi suna wajen tanadi. Da ajiyarsa aka yi aikin ruwan famfo na Challawa da wutar lantarkin birni, waɗanda aka buɗe a farkon shekarun 1930. Amma tanadin yana da nasa aibin. Ana ajiye rarar a Landan, an kuma ɗebi gudummawar yaƙin duniya na farko daga baitulmalin En'o'in Arewa, alhali yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta hallaka jama'a masu yawa a ƙasar Kano ba tare da agajin da ya kai girman musibar ba. An cika sharaɗin rubutu da lissafi, an tauye manufar da aka yi tanadin dominta. Ajiyar da ba ta buɗe wa mai ita ranar fari ba, ba irin ta Annabi Yusuf ba ce.

Daga gyaɗa zuwa fetur

Bayan yaƙin duniya na biyu aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Tana sayen gyaɗa ƙasa da farashin duniya, ratar kuma ta zama jarin ayyukan gwamnati. Dalar gyaɗa ta Kano haraji ce a tsaye. Bashin waje a lokacin kaɗan ne, kuma a ɗaure yake da aiki, kamar dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya bayar a 1958 domin shimfiɗa layin dogo zuwa Borno.

Fetur ne ya kwance wannan ɗauri. Hauhawar farashinsa daga 1973 ta kawo ƙarin albashin Udoji na 1974, da odar siminti da ta toshe tashar jiragen ruwan Legas a 1975, da bikin al'adu na 1977. Da farashin ya ɗan sauka, gwamnati ta ranto dala biliyan ɗaya daga bankunan ƙetare a 1978. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna, kuma suna da hujjar yin ta, domin karɓar ta daɗe tana tafe da wulaƙanci. Amma daga nan hukuma ta daina buƙatar aljihun manomi kai tsaye, shi ma ya rasa dalilin tambayar inda kuɗi suka tafi, tunda ana ce masa na mai ne.

Sakamakon bai jima ba. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. A 1985 'yan ƙasa suka ƙi amincewa da rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya a muhawarar da aka buɗe, amma a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta aiwatar da akasarin sharuɗɗansa: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. A tsakiyar waɗannan shekaru ne kasuwar Dawanau ta kafu, ta zama mahaɗar da ake ganin tasirin kowace shawarar kuɗi a jikin buhu.

Yafiya, da komawa gidan jiya

Zuwa 2004 bashin waje ya kusa dala biliyan 36, kuma kaso mai yawa na abin da ƙasashen Ƙungiyar Faris suke bi ruwa ne da tara a kan jinkirin biya. Wannan ita ce surar ribar jahiliyya da malamai suka siffanta: ko ka biya, ko a ƙara. A watan Oktoba na 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yafe dala biliyan 18, Nijeriya ta biya kimanin biliyan 12 daga rarar kuɗin mai, aka rufe littafin a 2006. A 2007 aka yi dokar kula da kashe kuɗin gwamnati, wadda ta taƙaita gibin kasafi ga kashi 3 cikin ɗari na arzikin ƙasa, ta kuma keɓe rance ga manyan ayyuka da gina ɗan Adam. Dokar Babban Banki ta shekarar ta hana shi ranta wa gwamnati fiye da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar bara.

Dokokin sun yi kama da sharuɗɗan fuƙaha'u, amma ba a tsaya a kansu ba. Asusun rarar mai, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008, ya koma ƙasa da dala miliyan ɗaya a 2022. Rancen Babban Banki ya kai naira tiriliyan 22.7, aka mai da shi bashin dogon zango a watan Mayun 2023. Jimillar bashin ƙasa ta tashi daga kimanin naira tiriliyan 12 a tsakiyar 2015 zuwa fiye da tiriliyan 144 a ƙarshen 2024, ko da yake faɗuwar naira ta kumbura wani ɓangare na adadin. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hidimar bashi ta cinye kimanin kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a 2022.

Yadda wannan yake isa Dawanau a fili yake. Kuɗin da Babban Banki ya ƙirƙira ba tare da ƙarin amfanin gona ba yana rage darajar wanda ke hannun mai awo. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni sun ɗaga kuɗin mota da na takin zamani, abubuwan da gonar da ba ta hutawa ba ta iya rabuwa da su. Arahar naira ta jawo masu saye daga maƙwabta. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Fabrairun shekarar hukumar yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ihtikari haramun ne inda ya tabbata, amma rufe sito ba ya mayar wa naira darajar da gibin kasafi ya cinye.

Kammalawa

Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu hukumar zamani da ba ta ci. Abin tambaya shi ne na me, da me za a biya, kuma wa ya shaida. Takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100 domin hanyoyi 25, sun nuna cewa ana iya ɗaure kuɗi da aiki sananne wanda ido zai gani, ko da yake sunan Musulunci kaɗai ba ya sauke nauyin biya daga wuyan masu zuwa. Aikin da ya rage wa malamai da ɗaliban shari'a shi ne su mai da kasafin kuɗi cikin abubuwan da ake karantawa a babin amana, kamar yadda Al-Magili da Shehu da Abdullahi suka yi a zamaninsu. Magidancin da ya jinginar da gona domin biki ya san 'ya'yansa ne za su yi ƙodago a gonar wani, kuma hukuncin bai canza ba don gonar ta zama ƙasa baki ɗaya. Allah ne Mafi sani.