Daga Malaman Taki zuwa Tauraron Ɗan Adam: Yadda Aka Koyi Yi wa Taswirar Wudil Tambaya

Idan madatsar Tiga ta cika ta batse a watan Agusta, gonakin wa ruwa zai fara ci a ƙasar Wudil? Mace mai naƙuda a wani ƙauyen Indabo ko Utai, wane asibiti ne ya fi kusa da ita, in aka bi hanyar da mota za ta iya bi da damina? A ina za a haƙa burtsatse a dace da ruwa? Taswirar da muka saba gani manne a bangon aji ba ta amsa irin waɗannan tambayoyi, iyakarta ta nuna inda gari yake da inda kogi ya bi. Amsa tana fitowa ne idan aka tara bayanai iri-iri na wuri ɗaya, aka auna su da juna, aka yi lissafi. Wannan lissafi shi ne zuciyar tsarin kwamfuta da ake kira GIS, kuma hanyar da ya bi kafin ya iso bakin kogin Wudil ta fi shekara ɗari.

Zanen ƙasa ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar daular Sakkwato da koguna da garuruwanta. Sai dai a ƙauye ilimin wuri a ka yake zaune. Mai unguwa ya san iyakar kowace gona, daga layin gamba zuwa gindin tsamiya. Sarkin ruwa ya san inda gulbi ke da zurfi, da gaɓar da take zaftarewa. Fatake sun san zango da mashaya. Ilimi ne mai kaifi, amma ba ya taruwa wuri guda, kuma yakan bi mai shi kabari.

Wanda ya fara mayar da gonakin Kano lambobi a takarda haraji yake nema. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ba a jima ba suka shigo da tsarin taki: a aika malamai su taka tsawo da faɗin gona da ƙafa, su ƙirga sawu, su rubuta sunan mai gona da girmanta, sannan a yanka masa kuɗi gwargwadon haka. Malaman taki ba su yi farin jini ba, kuma da dalili. Sawun wani ya fi na wani, gona ba ta cika zama murabba'i ba, ga ƙorafin cewa wanda ya san hannu gonarsa takan ƙanƙance a littafi. Daga baya aka koma awo da sarƙa a gundumomin da ke kewaye da birni, ana zana gonaki ɗaya bayan ɗaya. Duk da mugun tabon da ya bari, a nan aka fara haɗa abu biyu da GIS ya tsayu a kansu har yau: siffar fili a gefe guda, bayanin filin a jadawali a ɗaya gefen.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai jirage suka fara ɗaukar hoton ƙasar nan daga sama, aka riƙa buga taswirori masu ma'aunin 1:50,000. Mutumin da ya fi kowa tatsar waɗannan hotuna a ƙasar Kano shi ne Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979. A 1965 shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da nazari a kan karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka yi cunkoson da ba kasafai ake samun irinsa a karkarar Afirka ba. Wudil na cikin wannan yanki: ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 185,189 a fili mai murabba'in kilomita 362, wato sama da mutum 500 a kowace murabba'in kilomita. Aikin na hannu ne. A shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan hoto, a bi iyakokin gonaki da fensir, a ƙirga itatuwa ɗigo-ɗigo, sannan a ɗauko hoton wata shekara a sake. Da shi da abokansa na Bayero suka gwada hotunan shekaru daban-daban, sai suka ga itatuwan cikin gonaki ba su ƙare ba kamar yadda ake ta yayatawa lokacin fari. Manomi yana tsaron ɗorawarsa da kukarsa da gawonsa. Wannan ya nuna mana tun da wuri cewa awo na iya kare talaka daga zargin da ba shi da tushe.

Dabarun lissafin kansu daga wurare dabam-dabam suka taru. A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta Landan, likita John Snow ya sa alama a taswira a kan kowane gida da aka yi rashi, alamomin suka yi dandazo kewaye da famfo ɗaya. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne layin da ya ja daga baya, mai raba gidajen da suka fi kusa da wannan famfo da na sauran, bisa tafiyar ƙafa ta lunguna. Duk mutumin Wudil zai gane hikimar: ƙauyen da kake hangowa a tsallaken kogi yana iya zama tafiyar awa guda in sai ka zagaya ta gada. A 1951 Danie Krige, injiniyan ma'adinai a Afirka ta Kudu, ya tsara yadda za a ƙiyasta zinarin da ke tsakanin ramuka biyu da aka gwada, kuma da hanyarsa ake cike giɓi yau a taswirar ruwan sama ko zurfin rijiyoyi. A 1963 Roger Tomlinson ya fara gina wa gwamnatin Kanada tsarin kwamfuta na farko da ke ɗora taswirar ƙasar noma a kan ta daji da ta ruwa, ya fitar da amsa. A 1970 Waldo Tobler ya faɗi ƙa'idar da duk wannan ya dogara a kanta, cewa abubuwan da ke kusa da juna sun fi kama da juna a kan na nesa.

Shekaru da yawa wannan ilimi ya fi ƙarfin aljihunmu. Tauraron Landsat ya fara ɗaukar hoton duniya a 1972, amma hoto ɗaya sai da kuɗi mai tsoka, manhajar ma haka. Ƙofa ta buɗe ne cikin 'yan shekaru. A Fabrairun 2000 kumbon Amurka ya auna tudu da kwarin mafi yawan doron ƙasa da na'urar rada. A watan Mayun shekarar aka cire dusashewar da aka sa wa GPS da gangan, na'urar hannu ta fara nuna wuri da kuskuren 'yan mitoci. A 2002 aka fara manhajar QGIS ta kyauta. A Satumbar 2003 Najeriya ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha. A 2008 Amurka ta saki hotunan Landsat ga kowa ba ko kwabo. Ana cikin haka, a 2001, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano ta buɗe a Wudil, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022. A wannan shekara ta 2001 ne kuma, ƙarshen damina, ruwan madatsun Tiga da Challawa ya sauko ya yi mummunar ɓarna a Wudil da maƙwabtanta har cikin Jigawa.

Amma abin da ya fara kai GIS ƙofar gidan talaka a Kano shan inna ne. Bayan dakatar da allurar rigakafinta a 2003 da dawo da ita a 2004, cutar ta ƙi ƙarewa, kuma ɗaya daga cikin dalilai shi ne taswirar da ma'aikata ke aiki da ita. Da biro ake zana ta a ofishin mazaɓa: ga masallaci, ga makaranta, ga gidan dagaci. Rugar da mai zanen bai sani ba ba ta cikin lissafi. Unguwar da ke kan iyakar mazaɓu biyu kuwa, kowane ɓangare ya ɗauka ta ɗayan ce, yaranta su tashi ba ɗigo. Daga 2012, da tallafin Gidauniyar Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano, aka bi hotunan tauraron ɗan adam ana fitar da kowane rufin gida, sannan aka tura mutane da na'ura su je su tambayi sunan wurin daga bakin masu shi. Jihar Kano mazaɓu 484 gare ta, 10 a Wudil, irin su Darki, Lajawa, Achika, Kausani da Dagumawa.

Ga yadda lissafin yake. A cikin gari, kwamfuta takan yanka unguwa gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida mita 50 tsawo, mita 50 faɗi. Ƙananan ƙauyuka da rugage kuma a zana musu da'ira. Kowace tawagar masu allura tana tafe da waya a jaka, wayar tana rubuta inda take bayan 'yan mintoci. Da yamma a kwashe sawun a ɗora kan taswira. Gidan da sawu ya shiga an je, wanda ya zauna fari ba a je ba, gobe da safe a koma. Sawun da ya nuna gudun babur ba a ƙirga shi, domin mai bi gida-gida da ƙafa yake tafiya. Waya ba ta iya shaida cewa an ɗiga wa yaro magani a baki, wannan sai amanar ma'aikaciya da yardar uwa. Abin da ta iya shi ne hana a manta da gari sukutum. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji ta shan inna ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila, kudu da Wudil, a Yulin 2014, kuma a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Ina ganin kogi ne ya cancanci irin wannan himma yanzu, kuma a nan aikin ya fi wuya. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. Tun da aka gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil ya koma bin hannun masu buɗe ƙofa tare da bin sama. Ɗalibi yau yana iya sauke bayanan tudu da kwari, ya ɗora na ƙasa da na ruwan sama da na nisan kowane gida daga gaɓa, ya ba kowanne nauyi, cikin mako guda ya fito da taswira ja da ruwan ɗorawa da kore. Tana da kyau a ido. Sai dai bayanan tudun na kyauta kowane ɗigo mita 30 yake wakilta, kuma yana iya kuskuren mita da dama a tsaye, alhali a fadama rabin mita ne ke raba shinkafar da ta tsira da wadda ta nutse. Awon kuma na shekarar 2000 ne, masu ɗibar yashi sun daɗe da sauya cikin kogin.

Akwai tarko na biyu a ƙarƙashin ƙasa. A wajejen Wudil ne kogin ke barin yankin dutse mai tauri ya shiga yankin yashi da laka na kwarin Chadi. Rijiyoyi biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan yashi, halinsu ya sha bamban. Wanda ya sa kwamfuta ta cike giɓin da ke tsakaninsu da hanyar Krige ba tare da ya san wannan iyaka ba, za ta zana masa ruwa a inda babu. Na uku kuma ƙarami ne amma yana haddasa rigima: tsofaffin taswirorinmu an gina su a kan ma'aunin Minna, GPS kuwa da na duniya yake aiki. In ba a daidaita su ba, iyakar fili takan goce da gomman mitoci, gonar wani ta faɗa cikin ta maƙwabcinsa a kan allo. Tunda hukumar KANGIS ta Kano tana mayar da takardun filaye cikin kwamfuta, wannan ya shafi duk mai shaidar mallaka.

Maganin waɗannan duka a ƙasa yake, kuma ba shi da tsada. Tauraron Sentinel-1 na Turai, da aka harba a 2014, yana gani ta cikin gajimare, don haka ana iya samun hoton ambaliya a tsakiyar Agusta kyauta. Abin da ya rage shi ne a gwada hoton da shaidar ido. Bayan kowace ambaliya ruwa yakan bar zane a jikin katanga da gindin bishiya, kuma masunta da masu kwale-kwale da manoman fadama suna tuna inda ya kai a 2001. Ɗaliban jami'ar da ke garin suna iya bin waɗannan alamomi da waya da sandar awo mazaɓa-mazaɓa, a haɗa da karatun ma'aunin ruwa na bakin gada da ranakun da aka saki ruwa daga madatsun biyu. Taswirar da ta fito a buga ta da Hausa, da sunayen fadamu yadda mutanen wurin ke kiransu, a kai wa hakimi da dagatai da ofishin noma na ƙaramar hukuma tun watan Mayu, kafin manomi ya zuba iri da taki a kwari.