Tarihin Yaƙi da Sankarar Jini a Jikin Yara

Sankarar jini cuta ce da ke farawa daga ɓargo, wato inda jiki ke ƙera jini a cikin ƙashi, kuma tana aukuwa ne idan fararen ƙwayoyin jini da ba su nuna ba suka riƙa hayayyafa ba kan gado har suka danne masu lafiya, sai mara lafiya ya shiga fama da ƙarancin jini da zazzaɓi da zubar jini. A shekarar 1845 ne likitoci biyu, John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Jamus, suka bayyana siffar cutar kowanne a nasa ɓangaren, amma sai da aka shafe kusan shekara ɗari ba a sami maganinta ba, domin yaron da ya kamu da nau'inta mai saurin tsananta bai cika wuce 'yan watanni a raye ba.

Sauyi ya fara ne a birnin Boston na Amurka, inda Sidney Farber ya gwada maganin aminopterin, wanda ke hana ƙwayoyin cutar amfani da sinadarin da suke buƙata wajen rarrabuwa, kuma a rahoton da ya fitar a 1948 yara 10 cikin 16 sun sami sauƙi na ɗan lokaci kafin cutar ta dawo. Bayan haka Gertrude Elion da George Hitchings suka samar da mercaptopurine, sannan aka tace vincristine daga wani fure ɗan asalin Madagaska. Sai dai kowane magani shi kaɗai jinkiri kawai yake kawowa, saboda ƙwayoyin cutar kan saba da shi, wasu kuma su ɓuya a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya inda magani bai cika isa ba.

Asibitin St. Jude da aka buɗe a Memphis a 1962, lokacin da yara kusan 4 cikin 100 ne ke tsira, shi ne ya nuna mafita, inda Donald Pinkel ya haɗa magunguna da dama a lokaci guda, ya bi cutar har cikin ƙwaƙwalwa, ya kuma tsawaita jinya zuwa shekaru biyu ko uku. A farkon shekarun 1970 kimanin rabin yaran suna warkewa, a yau kuwa kusan 90 cikin 100 ne a ƙasashe masu arziki.

Duk da haka, ƙididdigar 2020 ta nuna mutane fiye da 470,000 sun kamu da sankarar jini a duniya, sama da 300,000 kuma sun rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe matalauta da dama ƙasa da 30 cikin 100 na yara masu cutar kansa ke tsira, saboda jinkirin gano cuta da tsadar magani da ƙarancin jinin ƙari da katse jinya, shi ya sa a 2018 ta ƙuduri aniyar kai adadin zuwa 60 cikin 100 nan da 2030. Yawancin magungunan da suka ceci yaran Memphis tsofaffi ne da aka san su shekaru da dama, don haka abin da ya rage shi ne gwamnatoci su samar da ɗakunan gwaji da ma'aikatan jinya da tallafin da zai sa iyaye su kai 'ya'yansu ƙarshen magani.