Ƙugiya Uku da Tarihin Shigarsu Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta a wata maɗaba'a ta Kano ko Zariya ko Kaduna a ƙarshen ƙarnin da ya shige, aka miƙo masa faifai ɗauke da littafin da marubuci ya yi wata da watanni yana wahala a kansa, ya buɗe da niyyar tsara shafuka, sai ya tarar ko'ina "ƙasa" ta rikiɗe ta koma "}asa", "ɗaya" kuma ta koma "]aya", to, wannan ba ya bukatar dogon sharhi game da mas'alar da muke nufin bibiyar tarihinta. Marubuci ya rantse cewa lafiya lau ya baro rubutunsa a gida, mai maɗaba'a shi ma ya rantse bai taɓa komai ba, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa, domin illar ba a hannun ɗayansu take ba. Tana can a tsakanin na'urori biyu waɗanda ba su yi ittifaƙi a kan ma'anar lamba guda ba. Gano irin wannan illa da magance ta wani babban reshe ne na sana'ar masu tsara manhajojin kwamfutar tebur, kuma abin da muka fahimta shi ne, babu mai gwanancewa a cikinsa face wanda ya san tarihin da ya haifar da cutar.

Haruffan nan masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna da gindinsu a rubutun boko tun cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabantar hukumar talifi a Zariya, suka kuma shiga gidajen mutane ta hanyar littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. 'Yan'uwanmu na Nijar suka ƙara ta huɗu, wato ƴ, a inda mu muke rubuta 'y. Ba don ado aka kawo su ba, domin su ne suke raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da fada da faɗa. Maɗaba'a ta iya zuba su da dalma, amma yawancin tafiretocin ofis da aka ƙero daga Ingila ba su san da su ba, saboda haka akawu yakan buga takardarsa har ƙarshe, sa'an nan ya zare ta, ya ɗauki alƙalami ya bi layi layi yana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu. Wannan haƙuri na akawunan da, shi ne gadon da masu kwamfuta suka tarar.

Ita kwamfuta, a haƙiƙanin al'amari, ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Saboda haka dole a sami wani jadawali da zai ce lamba kaza ita ce harafi kaza. A shekarar 1963 aka fitar da irin wannan jadawali a Amurka, aka kira shi ASCII, mai gurbi 128 kacal, wanda a cikinsa lamba 65 take tsaye a madadin babban A. Waɗanda suka tsara shi sun dubi bukatar harshen Ingilishi da ta na'urorin aika saƙo na zamaninsu, kuma a wannan haddi ya wadatar. Da kwamfuta ta bazu a duniya, musamman bayan kamfanin IBM ya fitar da tasa ta tebur a 1981, sai aka yi amfani da cikakken bayit, guraben suka zama 256, kowace nahiya ta cika sababbin 128 ɗin da abin da take so: Yammacin Turai suka zuba wasulansu masu alamomi, Rashawa suka zuba nasu haruffan, Larabawa da Girkawa ma haka. A manhajar Windows, jadawalin Yammacin Turai shi ne mai lamba 1252, na Rashanci 1251, na Larabci 1256.

Wanda ya yi karatun allo zai fahimci fitinar da wannan ya haifar cikin sauƙi. A rubutunmu na warash, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama. Amma a rubutun mutanen gabas, harafin nan mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, ƙaf nasu ɗigo biyu gare shi. Alama guda, karatu biyu, kuma babu abin da zai raba gardama sai sanin makarantar da marubuci ya fito. To, haka lamba 200 take wani harafi a kwamfutar Bafaranshe, ta zama wani dabam a ta Barashe, alhali fayil ɗin ba ya ɗauke da wata shaida da za ta nuna da wane jadawali aka rubuta shi. Mu kuwa Hausawa lamarinmu ya fi haka tsanani, domin a cikin jadawalan nan na Windows babu ko ɗaya da ya ba ƙugiyoyinmu gurbi. An yi wani ma'auni na ƙasa da ƙasa domin haruffan Afirka a 1983, mai suna ISO 6438, amma bai wuce hannun masu tsara kundin ɗakunan karatu ba.

Da yake bukata uwar dabara ce, sai mutanenmu suka nemi mafita da kansu. Tunda lamba daban, surar da ake zanawa a fuskar kwamfuta daban, sai masu basira suka ɗauki zubin haruffa na Turawa, suka goge surar wasu alamomin da Bahaushe bai cika bukata ba, irin su baka mai lanƙwasa da baka mai kusurwa, suka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurabensu. Daga cikin waɗanda suka shahara akwai zubin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar a shekarun 1990. Wajibi ne a yaba wa wannan himma, domin da irin waɗannan zubi aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawa, a lokacin da babu wata hanya ta daban. Sai dai maganin yana tafe da sharaɗinsa: a cikin fayil, harafin bai gushe ba yana nan a matsayin baka, rigar ƙ kawai aka sa masa, kuma duk ranar da fayil ya sauka a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, rigar ta faɗi, "}asa" ta bayyana.

Ana cikin wannan hali ne wasu injiniyoyi a Kalifoniya, wato Joe Becker na kamfanin Xerox, da Lee Collins da Mark Davis na Apple, suka fara shawara tun 1987 a kan a yi jadawali guda ɗaya tak wanda zai ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa da ba ya tarayya da kowa a cikinta. Suka sa masa suna Unicode, aka kafa ƙungiyarsa a Janairun 1991, bugu na farko ya fito a Oktoban wannan shekara, da zaton cewa gurbi 65,536 zai ishi duniya. Da aka ga ba zai isa ba, aka faɗaɗa shi a 1996 har ya haura miliyan ɗaya. Haruffanmu sun sami shiga tun da wuri, amma an raba musu masauki: ƙ ƙarami da babba, tare da manyan Ɓ da Ɗ, suna cikin babin ƙarin haruffan Latin, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ aka sauke su a babin alamomin masana furuci. Abin da wannan ya jawo shi ne, mai ƙera zubi yakan zana babi guda ya bar ɗayan, sai ka ga kalmar "ɗaki" a shafi, haruffa uku da sura guda, ɗ kuma an aro ta daga wani zubi, ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo.

Samun lamba kuwa bai zama ƙarshen wahala ba, domin sai da aka yi shekaru ana tafiya da tsohon tsari da sabo a lokaci guda. Windows NT, wadda ta fito a 1993, an gina ta a kan Unicode tun daga tushe, amma Windows 95 da 98, waɗanda su ne a hannun jama'a, sun ci gaba da tsofaffin jadawalai. Domin kada tsofaffin manhajoji su mutu, Microsoft ta yi wa kusan kowane umarni mai karɓar rubutu ƙofa biyu, ɗaya mai ƙarewa da A ta tsohon tsari, ɗaya mai ƙarewa da W ta sabo, kamar MessageBoxA da MessageBoxW. Duk rubutun da ya bi ta ƙofar A sai an matse shi cikin jadawali mai gurbi 256, abin da bai sami gurbi ba a musanya shi da alamar tambaya. Visual Basic 6 na 1998, wanda da shi aka rubuta ɗimbin manhajojin ofisoshi da shaguna, yana riƙe rubutu da Unicode a cikinsa, amma akwatunan da yake nuna wa mai aiki ta tsohuwar ƙofa suke bi. Delphi kuwa bai koma Unicode gaba ɗaya ba sai a bugunsa mai suna 2009. A gefe guda kuma, a watan Satumba na 1992, Ken Thompson da Rob Pike na ɗakin binciken Bell suka tsara UTF-8, wata hikimar adana Unicode wadda take barin haruffan ASCII a bayit ɗaya kamar da, ta ba irin su ƙ bayit biyu. Ita ce ta yi rinjaye a ƙarshe, ko da yake ƙaramar manhajar Notepad ba ta mai da ita zaɓinta na asali ba sai a 2019.

Daga wannan tarihi ne masu sana'ar suka fitar da ƙa'idojinsu na gane cuta, kuma alamomin uku ne, kowace da hukuncinta. Idan ɗan akwati fanko ya bayyana a gurbin harafi, to, nassi lafiyarsa lau, zubin ne ba shi da surar, kuma sauya zubi ya wadatar. Idan "ƙasa" ta fito a matsayin "Æ™asa", ko "ɗaya" ta zama "É—aya", to, an rubuta da UTF-8 ne aka karanta da jadawalin 1252, aka ɗauki bayit biyu na harafi guda a matsayin haruffa biyu. Wannan ma yana gyaruwa, muddin ba a sake adana shi a gurɓace ba. Amma idan alamar tambaya ce ta zauna a cikin fayil ɗin kansa, to, harafin ya riga ya salwanta a wata tsohuwar ƙofa, babu dabarar da za ta dawo da shi sai komawa ga asali.

A ƙaddara wata makaranta ce take da manhajar rajistar ɗalibai, aka shigar da sunan Ɗanladi daidai, amma takardar sakamako ta fito da "?anladi". Gwani ba zai fara da zargin na'urar bugawa ba. Zai bi sunan mataki mataki: ya duba lambar da allon madannai ya aika, ya duba abin da akwatin shigarwa ya karɓa, ya duba abin da aka miƙa wa wani tsohon ɗakin umarni da aka rubuta da harshen C, ya leƙa ma'ajiyar bayanai ya ga wane irin gurbi aka yanka wa sunaye, kuma a kowane zango lambobin yake karantawa, ba surar da ido yake gani ba, har ya kai ga mahaɗar da Ɗ ta shiga da rai ta fito alamar tambaya. Wannan aiki bai bambanta ba da na malaman hadisi, waɗanda idan suka ga lafazi ya sauya sukan bi isnadi mutum bayan mutum har su gano a bakin wa ko a alƙalamin wa tas'hifi ya auku, kuma saboda girman haɗarinsa suka keɓe masa fanni, suka wallafa littattafai a kansa.

A yau, alhamdu lillahi, galibin uzurorin sun kau. Akwai zubi irin su Charis da Doulos na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, waɗanda suka ƙunshi haruffanmu manya da ƙanana; akwai allon madannai na Hausa a kwamfuta da wayar hannu; hatta fa da ƙaf na warash sun sami lambobinsu a 2016, aka kuma ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020. Abin da ya rage nauyi biyu ne a wuyanmu. Na farko, dubban shafukan da aka rubuta da tsofaffin zubi suna nan kwance a faifai da tsofaffin kwamfutoci, wanda ya nemi kalmar "ƙasa" a cikinsu ba zai same ta ba, alhali juyar da su aiki ne mai sauƙi ga wanda ya san wace baka ce take tsaye a madadin wane harafi. Ya kamata jami'o'inmu da maɗaba'unmu su yi shi tun masu wannan sani suna raye, faya-fayan kuma ba su lalace ba. Na biyu, matasanmu masu tsara manhaja su riƙa jarraba aikinsu da sunaye irin su Ɗanjuma da Ƙasimu da Sa'adatu kafin su miƙa shi ga jama'a. Akawun da ya bi takarda da alƙalami yana ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya ya yi haka ne ba tare da kowa ya tanadar masa komai ba. Mu da aka tanadar wa lamba da zubi da madanni, ba mu da hujjar da za mu bar ƙafa ta koma kafa.