Daga bola zuwa baje koli: tarihin masu adana tsofaffin wasannin bidiyo

A watan Satumba na 1983, manyan motoci suka riƙa shiga wata bola a garin Alamogordo na jihar New Mexico a Amurka, suna juye kayan kamfanin Atari. Kaset-kaset ne na wasannin bidiyo, da yawansu ko ɓare su ba a yi ba. Aka murƙushe su, aka zuba siminti, aka binne. A shekarar nan Atari ya tafka asarar dala miliyan 536. Shi ne fa kamfanin da Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa a 1972, wanda ya fito da wasan Pong, kuma a 1977 ya shigar da na'urar Atari 2600 ɗakunan mutane.

Abin da ya karya kasuwar wasannin bidiyo a shekarar ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya ga akwai romo, sai kowane ƙaramin kamfani ya shiga buga kaset, mai kyau da marar kyau, har masu saye suka gaji da zubar da kuɗinsu. Wasan da aka fi ɗora wa laifi shi ne E.T., wanda aka ba Howard Scott Warshaw mako biyar da 'yan kwanaki ya haɗa don a riski cinikin Kirsimetin 1982. A ganina an zalunci mutumin, domin kaset ɗaya ba ya rusa kasuwar da ta kai dala biliyan 3. Nintendo na Japan ne ya farfaɗo da harkar, da ya fitar da na'urar Famicom a gida a 1983, ya kai ta Amurka da sunan NES a 1985, shekarar da Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto ya fito.

Daga nan sabo ya yi ta ture tsoho. Kamfani ba ya waiwaye, idonsa na kan abin da zai sayar gobe. A shekarun 1990 kaset ɗin Atari ya koma tarkace, ana zube shi a kasuwannin gwanjo a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka tsaya suna tsintarsa ba masana ba ne, ba kuma attajirai ba. Mutane ne da suka yi ƙuruciya da waɗannan na'urori, suka kasa jure ganinsu a shara. Suka fara musayar jerin sunayen wasanni, suna gaya wa juna wanda ya yi wuyar samu. A 1999 aka buɗe Classic Gaming Expo a Las Vegas, inda aka riƙa gayyato waɗanda suka ƙirƙiri wasannin su zauna gaban jama'a su ba da labari da bakinsu. Mutum uku daga cikin jagororin taron, John Hardie da Sean Kelly da Joe Santulli, su ne suka buɗe gidan tarihin wasannin bidiyo a garin Frisco na jihar Texas a 2016.

Baje kolin da ya fi jan hankalina shi ne na Portland a jihar Oregon, wanda aka fara a 2006, kuma 'yan sa-kai ne ke riƙe da shi. Wanda ya shiga zauren, ƙara ce za ta fara tarbarsa: manyan akwatunan wasa irin na tsaye, jeri-jeri, kowane da kiɗansa, kuma da ka biya kuɗin ƙofa sai ka yi ta bugawa kyauta har ka gaji. A ɗaya ɓangaren kuma teburan 'yan kasuwa ne, kaset tuli guda, ana ɗagawa ana duba lafiyar takardar jikinsa, ana tayawa ana albarka. Kwali da ɗan littafin bayani kan ninka farashi, saboda su yara suka fi yagawa. Ga kuma masu gyara, waɗanda ba a cika yaba musu ba alhali da su abin ya dogara. Ƙaramin batirin da ke riƙe ajiyar wasa a cikin kaset yana mutuwa, kayan cikin na'ura suna tsiyaya su ci allon, dole sai an sami mai hannu ya buɗe ya canja.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma a nan take da daraja. Bindigar wasan Duck Hunt ba ta aiki a kan talabijin ta bango, kuma gwanaye sun ƙi yarda da sabuwar saboda ɗan jinkirin da take yi kafin ta nuna abin da yatsa ya danna.

Wannan ɗan jinkiri shi ne komai a gasar duniya ta Tetris, wadda aka fara a Los Angeles a 2010, ta koma zauren Portland a 2012 ta shafe shekaru a can. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiri wasan a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, amma samfurin Nintendo na 1989 ake fafatawa a kai. Jonas Neubauer ya ci kofin sau bakwai. A 2018 wani yaro ɗan shekara 16, Joseph Saelee, wanda a YouTube ya koyi wasan, ya doke shi uku ba ko ɗaya. Neubauer ya karɓi kayen da fara'a, ya taya yaron murna a gaban jama'a. Ya rasu a Janairun 2021 yana da shekara 39. Bayansa yara suka yi wa wasan rubdugu, suka ƙirƙiro salon buga bayan hannun gem da yatsu kamar mai kaɗa kalangu, har suka yi nisa sosai da wuce mataki na 29 da a da ake ɗauka nan ne iyaka. A Disambar 2023 Willis Gibson, ɗan shekara 13 daga Oklahoma, ya kai mataki na 157, na'urar ta daskare. Shekara 34 ke nan da fitowar kaset ɗin.

Kuɗi kuma ya shigo da nasa. A Yulin 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56, wata guda bayan haka wani Super Mario Bros. ya kai miliyan 2. Irin waɗannan ana kulle su ne a akwatin roba, a manna musu maki, ba mai sake sa su a na'ura har abada. Wannan ba ya burge ni ko kaɗan. Abin da ya fi damuna shi ne binciken da cibiyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023, wanda ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa a lokacin. Wanda ke son ganinsu sai ya nemi mai tsohon kaset. Ita ma bolar Alamogordo an tone ta a ranar 26 ga Afrilu, 2014, aka zaƙulo kaset wajen 1,300. Hukumar garin ta sayar da kusan 900 a kan fiye da dala dubu 100, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian.

Mu ma muna da kaso a wannan tarihi, ko da yake ta bayan gida ya iso mana. Yawancin abin da yaran Kano da Kaduna da Zariya suka buga a shekarun 1990 kwaikwayon Famicom ne da aka ƙera a Sin da Taiwan, da kaset ruwan ɗorawa mai alkawarin dubban wasanni alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa. Idan ya ƙi tashi a ciro shi a hura, ba mu san danshin bakin ne ke sa shi tsatsa ba. Sai Sega ta zo da Mortal Kombat, PlayStation ta biyo da ƙwallo, shagon gem ya cika da yara masu jiran layi suna addu'ar kada a ɗauke wuta. Mafi yawan waɗannan kaya 'yan gwangwan sun auna su a sikeli sun wuce.

Mai karatu, idan akwai irin wannan na'ura a ƙarƙashin gado ko a ɗakin shirgi na gidanku, kada ka miƙa ta ga mai sikeli. Ka share mata ƙura, ka raba ta da danshi, ka nemi mai gyara ya duba ta, sannan ka kunna wa 'ya'yanka su buga.