Tsagewar Ƙubbar Roma da Shigar Lissafin Mizani Cikin Sana'ar Gini

A cikin shekarar 1742 hankalin mutanen birnin Roma ya tashi, saboda magana ta bazu cewa babbar ƙubbar majami'ar Waliyyi Bitrus tana shirin rushewa. Maganar kuwa tana da tushe. Duk wanda ya hau ya duba zai ga tsaga da yawa sun taso daga gindin ƙubbar sun nufi ƙololuwa, waɗansu har sun gangara cikin bangon da take zaune a kai. Faɗin ƙubbar daga ciki ya kai wajen mita 42, kuma daga ƙasa zuwa kan gicciyen da ke bisanta mita 136 ne da 'yan kai. Mikelanjelo ne ya zana ta, amma ya rasu a 1564 bai ga an ɗora ta ba. Giacomo della Porta da Domenico Fontana su suka gina ta tsakanin 1588 da 1590. Watau ta haura shekara 150 a tsaye kafin wannan tsoro ya kai intaha, ga kuma dubban mutane suna taruwa ƙarƙashinta.

A al'adar wancan zamani, idan gini ya tsage, manyan magina ake kira su duba, su faɗi abin da idonsu da gogewarsu suka nuna musu. Paparoma Benedict na 14 bai tsaya nan ba. Sai ya sa aka kira malaman lissafi uku, watau Thomas Le Seur da François Jacquier, dukansu Faransawa, da Ruggiero Boscovich mutumin Ragusa, ya nemi su gaya masa da alƙalami ko ƙubbar za ta ci gaba da tsayuwa. Masana tarihin aikin injiniya da dama suna ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin lokutan farko da aka sa lissafi ya yanke hukunci a kan babban gini. Kafin a fahimci amsar da aka ba Paparoma, dole a san irin ilmin da ke hannun malaman, da kuma hanyar da ya biyo ya iso gare su, domin ba a wurin gini aka haife shi ba. A kasuwa aka haife shi, a kan mizani.

Arkimidis mutumin Sirakusa, wanda aka kashe a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya kafa hujjar lissafi a kan abin da masu awo suka daɗe da sani a aikace. Idan aka ɗora sanda a kan madogara, kaya biyu suna daidaita a kanta ne sa'ad da nauyin kowane, in an ninka shi da nisansa daga madogarar, ya ba da adadi guda. Alal misali, buhu mai kilo 60 da ke nesa da madogara da mita 1, yaro mai kilo 20 zai riƙe shi cak in ya zauna mita 3 a ɗaya ɓangaren, gama 60 sau 1 daidai yake da 20 sau 3. Arkimidis ya kuma nuna cewa kowane abu yana da cibiyar nauyi, wani wuri guda wanda ana iya ɗauka kamar dukan nauyinsa can ya taru.

Wannan ƙa'ida, duk da sauƙinta, ita ce har yau ɗalibin injiniya ke fara warware matsala da ita. A ɗauki gungumen katako mai tsawon mita 4 da aka gitta a kan bango biyu, aka rataya masa kaya mai kilo 100 a mita 1 daga bangon gabas. In aka ajiye nauyin katakon kansa a gefe, bangon gabas zai ɗauki kilo 75, na yamma 25. Dalili kuwa sharuɗɗa biyu ne: abin da bangayen suka ɗauka dole ya haɗu ya zama 100, in ba haka ba kayan ya faɗi, kuma 25 sau 4 dole ya yi daidai da 100 sau 1, in ba haka ba katakon ya juya.

Daga Yunanawa ilmin ya koma hannun malaman Bagadaza. Sabitu bin Ƙurra mutumin Harran, wanda ya rasu a 901, ya rubuta littafi a kan ƙarasɗun, watau irin mizanin nan mai hannu ɗaya dogo wanda ake zame masa dutsen awo gaba da baya. Sabitu ya tunkari abin da aka ajiye a gefe ɗazu, nauyin sandar kanta, ya nuna cewa nauyin da ya bazu daidai a kan sanda ana iya lissafa shi kamar ya taru a tsakiyarta. A ƙarni na 12 Gerard mutumin Kiremona ya juya littafin zuwa Latin, kalmar ƙarasɗun ta bi shi har cikin makarantun Turai. A birnin Marwa kuma, wajen 1121, Al-Khazini ya kammala littafinsa Mizanul Hikma, inda ya bayyana wani mizani mai faranti biyar da aka shirya domin baitulmalin Sarki Sanjar, don a gane zinariyar da aka gauraya da duwatsu masu daraja na jabu. Abin lura a nan shi ne kalmar mizani da Bahaushe ke amfani da ita, ita ce dai wannan da ke kan littafin. Sikeli daga baya ta zo, tare da kantunan Turawa.

Sai dai mizani sama da ƙasa kaɗai ya sani. Gini kuwa yana da ƙarfin da ke turi a karkace, kuma wannan shi ne abin da ya daɗe yana gagarar masana. Wanda ya buɗe ƙofar da hujja mafi daɗin ji shi ne Simon Stevin mutumin Bruges, a littafin da ya buga a 1586. Ya ce a ɗauki katako mai kusurwa uku, gindinsa a shimfiɗe, gangarensa ɗaya ya ninka ɗayan tsawo. A zagaye shi da zare mai ƙwallaye 14 masu nauyi ɗaya, kamar carbi: 4 su kwanta a dogon gangare, 2 a gajeren, 8 su yi lilo a ƙasa. Shin zaren zai motsa? In har 4 za su rinjayi 2, to da zarar sun zame waɗansu za su maye gurbinsu, zaren ya yi ta juyawa har abada ba mai tura shi, abin da hankali ba zai karɓa ba. Ashe ke nan yana nan tsaye. Ƙwallaye 8 na ƙasa kuwa ja ɗaya suke yi dama da hagu, saboda haka ana iya cire su ba abin da zai sāke. Abin da ya rage shi ne 2 sun riƙe 4. Daga nan aka gane yadda nauyi ke rabuwa kashi biyu a kan gangare, har aka kai ga zana ƙarfi da layi, tsawon layin ya nuna yawansa, inda ya fuskanta ya nuna inda yake turi. Pierre Varignon na Faransa ya tsara wannan hanya a 1687, shekarar da Newton ya fitar da babban littafinsa.

Saura abu guda, wanda ya fito daga Ingila. Robert Hooke ya lura cewa sarƙa ba ta iya komai sai ja, tubali da dutse kuwa ƙarfinsu a danna yake, ba su jure ja. Saboda haka siffar da sarƙa ta ɗauka in an rataye ta a kan ƙusa biyu, in aka kifar da ita, ita ce siffar bakan ginin da zai tsaya ba tare da wani ɓangarensa ya sha ja ba. Hooke mutum ne mai tsoron a sace masa fasaha, don haka wajen 1675 sai ya buga maganar cikin harufan Latin da ya hargitsa, ba a bayyana ma'anarsu ba sai 1705, bayan rasuwarsa. Kafin nan, a 1697, David Gregory ya ƙara wani abu mai muhimmanci: baka mai wata siffa dabam ma yana iya tsayawa, muddin layin sarƙar zai sami wurin wucewa a cikin kaurinsa.

Da waɗannan kayan aiki malaman nan uku suka fuskanci ƙubbar. Abin da ke damunta ba boyayye ba ne ga wanda ya taɓa ganin ƙwarya ta fashe. In aka kife ƙwarya aka danna bayanta, bakinta ne ke neman buɗewa, tsagar kuwa daga baki take farawa ta hau sama. Haka ƙubba take: samanta a matse yake, ƙasanta yana neman bajewa, kuma wannan ta Roma tana ɗauke da wata hasumiya mai nauyi ƙwarai a ƙololuwa. Magina na farko sun san haka, shi ya sa suka ɗaura mata zobban ƙarfe tun lokacin gini. Malaman uku suka ɗauki tsagar a matsayin gaɓoɓin da ginin zai lanƙwashe a kansu, suka auna nauyin da ke neman sauka da ƙarfin da ke tare shi. Sakamakon da suka fitar ya nuna turin ya fi ƙarfin zobban da ke akwai nesa ba kusa ba, suka ba da shawara a ƙara waɗansu da gaggawa.

Rahoton ya ta da ƙura. Masu suka suka ce in lissafin gaskiya ne, ai da ƙubbar ta daɗe da faɗuwa, ga ta kuwa a tsaye. Waɗansu suka ce an gina ta ba da taimakon malaman lissafi ba, kuma za a gyara ta ba da su ba. Magana ta biyu girman kai ce kawai, amma ta farko tana da ƙarfi, kuma adalci ne a faɗi haka. Malaman sun zaɓi hanya guda da suke zaton ginin zai bi ya rushe, suka yi lissafi a kanta, suka bar abubuwa da dama da ke taimakon dutse ya riƙe ɗan'uwansa. Hanyar tunaninsu sabuwa ce mai kyau, adadin da ta haifa ne bai dace da abin da ido ke gani ba.

Sai Paparoma ya aika Padua aka kira Giovanni Poleni, malamin jami'ar garin, ya zo Roma a 1743. Poleni ya sāke tambayar gaba ɗaya. Maimakon ya tambayi yadda ƙubbar za ta faɗi, sai ya tambayi ko akwai hanyar da za ta iya tsayawa a yadda take, da tsagarta duka. Ya ce a ɗauka tsagar ta riga ta gama aikinta, ta raba ƙubbar ɓari 50 kamar an yanka kabewa. Kowane ɓari da wanda ke fuskantarsa sun zama baka guda mai zaman kansa. Ya raba kowane ɓari kashi 16, ya lissafa nauyin kowane kashi, sa'an nan ya ɗauki sarƙa ya rataya mata ƙwallaye 32 waɗanda nauyinsu ya bi wannan gwargwado, tare da yin la'akari da nauyin hasumiyar. Da sarƙar ta natsu, ya zana siffarta, ya kifar da zanen a kan zanen ƙubbar. Layin ya bi ta cikin kaurin ginin tun daga sama har ƙasa, bai leƙa waje ba ko a wuri guda. Hukuncinsa shi ne siffar ƙubbar ba ta da laifi, kuma tsagar ba alamar rushewa ba ce.

Duk da haka bai ce a bar ta haka ba. Turin da bakan ke yi a gindi yana nan, kuma bangon da ke ƙasa shi ke shan sa. Don haka shi ma ya yarda a ƙara zobba, amma kafin a ƙera su sai da ya sa sandunan ƙarfe a wata na'ura yana ja har su tsinke, domin ya san iyakar abin da za su ɗauka. Luigi Vanvitelli, mai kula da ginin, ya ɗaura zobba 5 tsakanin 1743 da 1744, aikin gyartai ke nan a kan ƙwarya mai faɗin mita 42.

Mai karatu da ya san soron Hausa zai so ya gwada. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, ido zai ce ɗan'uwan bakan Roma ne, amma aikinsu ya bambanta. A cikin bakan gizo akwai azara da aka jera hawa-hawa, kowace tana miƙowa gaba da ta ƙasanta, an ɗaure su an lulluɓe da ƙasa. Azara kuwa itacen giginya ce, tana jure ja da lanƙwasa. Saboda haka gwajin sarƙa shi kaɗai ba zai yanke wa bakan gizo hukunci ba, sai an haɗa da lissafin sanda da madogara irin na Sabitu.

Wata tambaya ta rage a kan aikin Poleni, wadda shi kansa bai kafa mata hujja ba. Ya sami layi guda da nauyi zai iya bi, amma wa ya ce ƙubbar wannan layin take bi? Amsar ba ta zo a kammale ba sai 1966, sa'ad da Jacques Heyman na Jami'ar Cambridge ya nuna cewa, matuƙar dutsen ba zai murƙushe ba kuma ba zai zame a kan ɗan'uwansa ba, samun layi guda tak a cikin kaurin gini ya isa shaida cewa ginin zai tsaya, ko da ba shi ne layin da yake bi a zahiri ba. Da wannan ƙa'ida ake duba tsofaffin gadoji da majami'un dutse na Turai a yau.

Ana cikin gyaran ƙubbar aka tarar ɗaya daga cikin tsofaffin zobban nan na ƙarni na 16 ya riga ya tsinke, ba wanda ya san tun yaushe. A 1748 aka ɗaura zobe na shida a madadinsa, kuma a wannan shekara ce Poleni ya buga littafinsa a Padua, da zanen sarƙar da ƙwallayenta a ciki.