Kilwa a Idon Matafiya: Teku, Abinci da Kufai



Jawabina na yau ya shafi wani ɗan tsibiri ne da ake kira Kilwa Kisiwani, a gaɓar tekun Tanzaniya, kimanin kilomita 300 kudu da Darussalam. Masu yawon buɗe ido kan shiga kwalekwale daga Kilwa Masoko su tsallaka can, kuma abu uku suke yabawa idan sun koma gida: farin rairayin bakin teku, da shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa aka haɗa da kifi, da kuma kufan tsofaffin gine-gine. Galibinsu suna ɗaukar waɗannan a kan ni'imomi uku da suka haɗu bisa katari. Abin da nake so in nuna shi ne igiya ɗaya ce ta ɗaure su, watau fataucin teku, kuma matafiyan da suka riga su zuwa sun bar mana shaidar haka.

Bari mu fara da tekun. A Tekun Indiya akwai iska mai juyawa sau biyu a shekara. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, sai ta koro jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya zuwa gaɓar Afirka. Daga Afrilu kuma sai ta juya ta mai da su gida. Kilwa tana kusa da iyakar inda jirgi zai iya kaiwa a kudu ya kuma koma cikin shekara guda. Kudu da ita akwai Sofala, inda zinariyar ƙasar Zimbabuwe ke fitowa bakin ruwa. Saboda haka mutanen Kilwa suka tsaya a tsakani: su sauka Sofala su sayo zinariya da hauren giwa, su sayar wa baƙi, su karɓi tufafi da duwatsun ado da tangaran na ƙasar Sin. Har kuɗin tagulla sarakunansu suka buga, an kuwa tsinci irinsa a kufan birnin Zimbabuwe.

Matafiyin da ya fi ba mu labari shi ne Ibn Battuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, wanda ya bi wannan gaɓa wajen shekarar 1331. Ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin shi ne ya zo Takedda a 1353 ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Mutum ne mai lura da abin da aka sa masa a gaba. A Zaila warin kifi da jinin raƙuman da ake yankawa a kan hanya ya sa ya gwammace ya kwana cikin jirgi. A Mogadishu kuwa an kawo masa shinkafa da man shanu cikin babban akushi, bisanta miyar kaza da nama da kifi da ganye. A gefe ga ɗanyar ayaba da aka dafa da madara, ga kindirmo da lemun tsami da barkono da ɗanyar citta da mangwaro. A Mombasa ya tarar abincin mutane ayaba ne da kifi, hatsi kuwa sai an kawo musu daga tudu.

Ku dubi wannan akushi da kyau. Irin shinkafar da ake ci a can, da ayaba, da mangwaro, da citta, da lemun tsami, duk asalinsu nahiyar Asiya ne. Iskar da ta kawo fatake ita ta kawo irin shukar. Wanda ya ci shinkafa da kwakwa a Kilwa yau, tarihin fataucin shekaru ɗaruruwa yake ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Da Ibn Battuta ya isa Kilwa sai ya lissafa ta cikin mafi kyawun biranen da ya gani. Ya ce yawancin mutanenta baƙaƙe ne ƙirin, masu zane a fuska. Ya tarar da Sarki Hasan ɗan Sulaimanu, wanda ake yi wa laƙabi da Abul Mawahibi saboda kyautarsa. Ya ba da labarin yadda wani almajiri ya roƙe shi tufafin jikinsa bayan sallar Juma'a, ya kuwa tuɓe ya ba shi. Amma ya kuma nuna cewa sarkin yana kai hari kan mutanen tudu ya kwaso ganima. Wannan sarki ne ya gina fadar Husuni Kubwa bisa wani tsauni mai kallon teku, da ɗakuna fiye da 100 da wurin wanka mai kusurwa takwas. A zamaninsa ne kuma aka faɗaɗa babban masallaci da ƙubbobi na dutsen murjani.

A nan akwai abin lura. Ibn Battuta ya ce da itace aka gina garin, alhali mai ziyara yau dutse kawai yake gani. Dalili kuwa shi ne gidajen talakawa na itace da laka sun narke, na sarakuna da attajirai suka rage. Kufai shaidu ne, amma bakin masu hali suke ari.

Matafiya na biyu da makami suka zo. A 1502 Vasco da Gama na Fotugal ya tilasta wa sarkin Kilwa biyan haraji, kuma da miskali 1,500 na wannan zinariya aka ƙera wani kayan ado na coci a 1506, wanda ke ajiye a birnin Lisbon. A 1505 Francisco de Almeida ya ci garin ya washe shi, ya gina sansani. Mutanensa sun rubuta labarin benaye da lambunan lemo da auduga, amma da idon mai ƙirga ganima suka kalle su. Sun so su riƙe zinariyar Sofala su kaɗai, sai cinikin ya tsinke, su kansu suka bar Kilwa wajen 1512. Garin ya ɗan farfaɗo a ƙarni na 18, sai dai a kan mummunan ciniki: a 1776 sarkinsa ya yi alkawarin sayar wa wani Bafaranshe mai suna Morice bayi 1,000 kowace shekara. Daga baya Larabawan Oman suka karɓe iko, ciniki ya koma Kilwa Kivinje a tudu, birnin ya zama ƙauyen masunta.

Na uku su ne masu binciken tarihi. Neville Chittick ya yi tono a tsibirin daga 1958 zuwa 1965, kuma shi da tsararsa sun karkata ga cewa baƙi ne daga Farisa da ƙasar Larabawa suka kafa wannan wayewa. Littafin tarihin Kilwa ma ya ce wani ɗan sarkin Shiraz ne ya sayi tsibirin da tufafi. Binciken baya ya nuna tukwanen da suka fi yawa a ƙarƙashin ƙasa na gida ne, harshen Suwahili kuma ɗan dangin Bantu ne. A 2023 aka buga nazarin ƙwayoyin halitta na wasu da aka binne a garuruwan gaɓar, ya nuna iyaye mata galibi 'yan Afirka ne, iyaye maza da yawa Farisawa, kuma cuɗanyar ta soma wajen shekara ta 1000. Watau baƙo ya zo ya yi aure ya zama ɗan gari, ba kango ya tarar ya gina ba.

A ƙarshe, hukumar UNESCO ta sa Kilwa da maƙwabciyarta Songo Mnara cikin kayan tarihin duniya a 1981. A 2004 ta sa su cikin waɗanda ke cikin haɗari, domin igiyar ruwa na zaizayar tushen gine-ginen, itatuwa na tsaga bango. Sai da aka yi shekara goma ana gyara kafin a cire su a 2014. Tekun da ya arzuta birnin shi ke neman cinye abin da ya rage, kuma aikin ma'aikata ne da masunta mazauna wurin ya tare shi. Ɗalibin da ya sami zarafin zuwa, ya ci kifin ya sha iskar, amma ya tambaya: wa ya sassaƙa dutsen, wa ya haƙo zinariyar, wa kuma aka sayar?